Kare Na Susa Yana Wari: Allura, Wankan Magani, Ko Ƙwayar Tauna?

Da zarar damina ta zauna tsakanin Sinnar da Gadarif, wajen Yuli zuwa Satumba, sai karnukan gadi su shiga wani hali. Karen da ke kwana a bakin garke ko a bukkar gona zai kama susa ba dare ba rana, gashin gefen kunnuwansa ya zube, ya riƙa goga baya a jikin danga. Daga nan wari ya biyo, irin wanda zai sa uwargida ta ce kada a ƙara barinsa ya matso kusa da madafi. Maigida ya shiga kasuwar Mai Wurno neman mafita, a nan kuwa kowa malami ne. Mai shagon maganin dabbobi zai miƙo kwalbar Ivomec ya ce allura ɗaya ta gama magana. Makiyayi zai ce a yi masa wankan Taktic yadda ake yi wa shanu. Wani mai ɗa a Jidda zai ce akwai ƙwayar da kare ke taunawa, sai ya yi wata uku bai sosa jiki ba. Bakanike kuma ya ce, "Alhaji, kada ka ɓata kuɗinka, turo yaro ya ɗebi baƙin mai kyauta."

Kowanne na da masu yabonsa, sai dai ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma na ƙarshen kashe kare yake yi a hankali. Kafin wani ya ce mene ne na damuwa a kan kare: Shari'a ta halatta ajiye shi don gona da kiwo da farauta, mu Malikawa kuma ba ma ɗaukar jikin rayayyen kare najasa. Wanda ya ɗaure dabba tana yi masa gadi, ciwonta na wuyansa. Ga shi kuma ƙazuwar kare na taɓa mutum, yaran da ke wasa da shi su ne za su fara fesowa da ƙuraje a hannu da ciki.

Abin da ke sa mutane asarar kuɗi shi ne rashin gane cewa mai kawo susa daban, mai kawo wari daban. Susa yawanci aikin ƙwaro ne. Wari kuwa daga baya yake zuwa. A fatar kowane lafiyayyen kare akwai wani nau'in yis da ake kira malaseziya, akwai kuma bakteriya, suna zaune ba sa cutar da shi. Idan farce ya yayyaga fata, maiƙo ya ƙaru, ɗumi da danshin damina suka haɗu, sai su hayayyafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Su ne ke sa hammata da matsematsi da tsakanin yatsu su yi baƙi, su yi kauri, su riƙa tashin tsami. Allura ko ƙwaya na kashe ƙwaro amma ba ta taɓa yis. Shamfu na kashe yis amma ba ya isa ga ƙwaron da ya haƙa rami cikin fata. Wanda ya sayi ɗaya ya bar ɗaya, rabin aiki ya yi.

Wane ƙwaro ne? Ido kaɗai na iya rage maka zato. Ƙazuwa, wadda za ka ce wa mai shago jarab ya gane, ta fi kama gefen kunne, gwiwar ƙafafun gaba, dunduniya da ciki, susarta kuma ba ta barin kare ya yi barci. Ka kama gefen kunnen ka murza a hankali tsakanin yatsu biyu. Idan ƙafarsa ta baya ta fara harbin iska kamar yana susa, ƙazuwa ce a mafi yawan lokuta. Macen ƙwaron na haƙa rami tana zuba ƙwai, daga ƙwai zuwa babba kwana 17 zuwa 21 ne. Ka riƙe wannan lissafi, shi zai raba mana gardamar magungunan. Akwai wani ƙwaron kuma, demodeks, mai zama a gindin gashi. Kwikwiyo na ɗaukarsa daga uwarsa tun yana shan nono, ya fi bayyana kafin kare ya kai shekara ɗaya da rabi: sanƙo zagaye da ido, a baki, a ƙafafun gaba, ba tare da susa mai tsanani ba. Ba ya yaɗuwa zuwa wani kare ko mutum, kuma idan ɗan wuri ɗaya ko biyu ne yakan warke da kansa cikin wata biyu. Ƙuma ta fi son gindin bindi da bayan cinya. Ka tsefe gashin a kan farin ƙyalle mai lema, idan baƙaƙen ɗigon da suka zubo suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, jinin karen ne ta sha. Kaska ba ta buƙatar gwaji, tana nan cikin kunne da tsakanin yatsu.

Mu fara da allurar, tun da ita ce ke kowane shago. Ibamektin, wadda aka fi sani da Ivomec, ta shigo kasuwar maganin dabbobi a 1981, kuma ita ce aka yi ta raba wa mutane a Abu Hamad da Galabat don yaƙi da makantar kogi. Magani ne na gaske, ga araha, kuma a kan ƙazuwa tana aiki sosai. Matsalarta biyu, dukansu a hannun mai yin allurar suke.

Ta farko awo. Kwalbar da ake sayarwa mai kashi 1 cikin 100 ce, kowane mil ɗaya na ɗauke da miligiram 10, an kuma yi ta ne don a ba sa mil 1 a kowane kilo 50. Abin da likitoci ke ba kare mai ƙazuwa miligiram 0.2 zuwa 0.4 ne a kowane kilo. Ka lissafa: karen ƙauye mai kilo 15 bai wuce mil 0.3 zuwa 0.6 ba. Wannan ɗigo ne da babban sirinjin shanu ba ya iya aunawa, sai ƙaramin sirinji mai mil 1 irin na masu ciwon suga. Amma me ake yi? A zuƙo mil biyu ko uku "don ya ji magani". Kafin gobe sai ka ga kare na tangaɗi, miyau na dalala, ƙwayar ido ta buɗe, wani ya makance na ɗan lokaci, wani ya suma bai farfaɗo ba. Karnukan Turai masu kiwon tumaki, irin su Collie da wasu daga cikin Jaman Shefad da 'yan birni ke ajiyewa, suna da wani rauni na gado da ke sa maganin ya tsallaka ƙwaƙwalwarsu ko da awon ya yi daidai. Kwikwiyon da bai kai mako 6 ba ma ba a yi masa. A kuma duba kwalba da kyau: Ivomec Super an haɗa ta da maganin tsutsar hanta na shanu, ba ta kare ba ce.

Ta biyu maimaitawa. Ibamektin ba ta kashe ƙwai. Allura ɗaya za ta kwantar da susa, maigida ya ce an warke, bayan mako uku waɗanda suka ƙyanƙyashe su dawo da aiki sabo. Dole a maimaita bayan kwana 14, sau biyu zuwa uku. A kan ƙuma ba ta da wani abin a zo a gani. Demodeks da ya game jiki kuwa sai an riƙa ɗura ta a baki kullum na tsawon watanni da awo mafi girma, abin da ba zan ba kowa shawarar yi a gida ba.

Wankan amitiraz, wato Taktic da ire-irensa, a nan zan taƙaita, don a ganina shi ne zaɓin da ya fi wahala a hannun mai kare ɗaya. Yana kashe kaska da ƙazuwa da demodeks, ƙuma kuwa ba ya yi mata abin kirki. Mai kashi 12.5 ana zuba mil 2 ne a lita 1 ta ruwa, a jiƙa karen sharkaf bayan an aske shi an wanke shi, a bar shi ya bushe a inuwa ba tare da ɗauraya ba, a maimaita duk mako ɗaya ko biyu har ya warke. Wanda ya auna da murfin kwalba ya ninka awon bai sani ba. Ko an yi daidai, karen zai wuni yana gyangyaɗi. Ba a yi wa kwikwiyon da bai kai wata 4 ba, ba a yi a tsakar rana, mai ciwon suga ko asma ba ya haɗawa, kuma sai da safar hannu. Abin da ya fi sa ni gudunsa shi ne gidajenmu: jakin karo na ɗaure a nan, mage na yawo, yara na wasa a ƙasa. Amitiraz na tsayar da hanjin doki da jaki, yana cutar da mage, ragowar da aka zuba a gorar lemo kuma ta sha kai yara asibiti. Makiyayin da ya saba da shi, yana da wuri nesa da gida, kaska kuma ta addabi karnukansa, shi wankan ya dace da shi.

Sai ƙwayar tauna. NexGard ta fito a 2013, Bravecto a 2014, Simparica ta biyo bayansu, duk dangi ɗaya ne. Kare ya tauna kamar nama, maganin ya shiga jini, duk ƙwaron da ya cije shi ya mutu: ƙuma cikin sa'o'i, kaska cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ƙazuwa da demodeks su ma haka. NexGard da Simparica wata ɗaya suke yi, Bravecto mako 12, ko da yake takardarta ta Turai ta ce a kan kaskar kare mai ruwan ƙasa, wadda ita ce tamu, mako 8 ne. Ka tuna kwana 21 ɗin nan? Ƙwaya ɗaya ta Bravecto na zaune a jini har ƙwai su ƙyanƙyashe su mutu, na bayansu ma haka, ba tare da ka tuna ranar komawa allura ba. Kuma ba sai ka tantance ko ƙazuwa ce ko ƙuma ko demodeks ba, ta haɗa su duka. Ga mutumin da likitan dabbobi ya yi masa nisa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Karnukan da ibamektin ke cutarwa ma suna jure ta.

Ita ma tana da nata. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa magungunan wannan dangi na iya jawo karkarwa ko farfaɗiya a wasu karnuka, don haka wanda ya taɓa faɗuwa ba a ba shi sai da izinin likita. Wasu kan yi amai. Ana ba da Bravecto ne tare da abinci, kuma bisa nauyi ake sayar da ita: kilo 4.5 zuwa 10, 10 zuwa 20, 20 zuwa 40. Kada ka ce wa ɗanka na Jidda "babban kare ne", ka je wurin mai sikelin riɗi ka hau da karen a hannu, ka sake hawa kai kaɗai, ka ɗebe. Kamfanin ya hana a raba ƙwaya biyu, saboda haka dabarar sayen babba a gutsura wa karnuka biyu caca ce. Babbar matsalarta dai kuɗi da samu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 hanyoyin magani daga Khartum suka rikice, abin da ake samu ya yi tsada, jabu kuma ya samu kasuwa. Idan za a aiko maka daga Saudiyya, a saya a asibitin dabbobi, a duba ranar lalacewa, kada kuma ta kwana uku a gaban mota cikin rana. Da za ka haɗa kuɗin mota sau uku zuwa wurin mai allura, da hasarar wunin aiki a lokacin noma, tazarar farashin ba ta kai yadda take a ido ba.

Baƙin mai ba ya cikin abin da ake aunawa da waɗannan. Man da ya gama zagaya inji ya kwaso dalma da sauran ƙarafa masu guba, kare kuma lasar jikinsa yake yi, duk abin da ka shafa masa a baya cikinsa zai ƙare. Hanta da ƙoda ke biya. Ga baƙin launi na zuƙar zafi a garin da rana ke wuce digiri 40. Masu cewa sun gwada ya yi, susar ce ta ragu don mai ya toshe wasu ƙwarin, ba su kuma lissafa karnukan da suka rame suka mutu bayan wata guda. Kananzir da gas ƙona fata suke yi. Maganin feshin auduga da na ƙwarin dawa yana kashe kare a wuni ɗaya. Guɗuran, wato kwaltar itace da masu raƙuma ke shafawa, a bar wa raƙuma, su ba sa lasar jiki yadda kare ke yi. Ruwan dafaffen ganyen darbejiya, idan ya huce, yana sanyaya fata kuma ba ya cutarwa, sai dai ba ya isa cikin ramin ƙwaro. Cikin magungunan gargajiya, farar wuta tana kashe ƙwaron ƙazuwa da gaske. A kwaɓa kaɗan da basilin a shafa sama-sama, a hana shi lasa. Tana da wari, tana da jinkiri, amma inda babu komai ta fi zama haka.

To warin fa? Nan ne shamfu ke shigowa, kuma nan ne aka fi yin ganganci. Omo da sabulun wanki suna kwashe maiƙon fata kaf, fatar kare kuwa ta fi ta mutum siranta, sai ta bushe ta tsattsage ta ƙara fitar da maiƙo, bayan kwana biyu wari ya dawo ya fi na da. Dettol na yi wa raunin zafi, mage kuma idan ta lasa tana iya mutuwa. Abin da ake nema shamfu ne mai kulohekzidin kashi 2 zuwa 4, wanda ya fi kyau a ce an haɗa shi da mikonazol kashi 2, kamar Malaseb. Idan babu, Nizoral na mutane mai ketokonazol kashi 2, wanda ake samu a kantin magani, yana maganin yis ɗin. Sirrin ba a sunan kwalba yake ba, a minti 10 yake. A cuɗa kumfar ta kai fata, musamman hammata, wuya da tsakanin yatsu, a duba agogo minti 10 cif, sannan a ɗauraye sosai a tsane shi. Sau biyu a mako, mako uku zuwa huɗu. Mafi yawan masu cewa shamfu bai yi ba, sun ɗauraye ne tun kumfa ba ta zauna ba. Kada ya shiga ido ko cikin kunne. Idan ƙuraje masu mugunya sun yi zurfi suna zubar da ruwa, wanka kaɗai ba zai isa ba, sai likita ya rubuta maganin sha na makonni.

Akwai kuma warin da ko wanka ɗari aka yi ba ya fita, don ba daga fata yake ba. Ka shinshina ka gano inda yake tasowa. Kunne mai baƙin datti, kare na kaɗa kai, maganin ɗigawa yake so. Ƙarni irin na ruɓaɓɓen kifi, kare na jan gindi a ƙasa, wasu 'yan jakunkuna biyu ne a gefen dubura suka cika, matse su ake yi. Wani daga ruɓaɓɓen haƙori ne. A damina kuma a duba ƙarƙashin gashi, ƙuda kan yi ƙwai a rauni ya zama tsutsa. Akwai ma ƙudan da ke zuba ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsar ta shige fatar kwikwiyo ta yi maruru mai ɗan rami a tsakiya. A toshe ramin da basilin, za ta leƙo neman iska, a matse ta a hankali.

Wani tarko da ya kamata a ambata shi ne deksa, wato deksametazon, maganin rage kumburi da ƙaiƙayi. Mai shago zai haɗa maka ita da allurar, susa ta tsaya cikin kwana ɗaya, ka yi ta sa masa albarka. Garkuwar jiki ta danne, ƙwaron na nan. Demodeks da bakteriya kuwa lokacin suke samun sarari su game jiki. Diklofenak da ibufurofen na mutane su ma kada a ba kare, suna huda ciki suna kashe ƙoda.

Da za a tambaye ni, ga yadda zan zaɓa. Mai kare ɗaya ko biyu da zai iya samun ƙwayar tauna ta gaskiya, ya saye ta ya haɗa da shamfu, ya huta. Kwikwiyon da demodeks ya game wa jiki, da karen Turai, su ma ƙwayar ce tasu, a dai bi shekaru da nauyin da takardar ta faɗa. Wanda ba ta isa gare shi ba kuma alamun ƙazuwa sun bayyana, ibamektin ta wadatar, da sharaɗin a auna karen, ma'aikacin lafiyar dabbobi ya yi allurar da ƙaramin sirinji, a kuma rubuta ranar komawa a jikin bango. Idan ƙuma ce, allurar asarar kuɗi ce. Kowanne ka ɗauka, duk karnukan gidan za a yi wa a rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba. Tsohon buhun da yake kwana a kai a ƙone shi, a share makwancin a kwarara tafasasshen ruwa, don mafi yawan ƙuma ba a jikin kare take ba, ƙwai da tsutsotsinta na cikin ƙasa. A ɗan kyautata masa abinci kuma. Karen da ba ya samun komai sai ƙanzon asida fatarsa ba ta saurin murmurewa. Ɗan kifi dafaffe, ƙwai, ko cokalin man riɗi na taimakawa, miyar da albasa ta yi wa yawa kuwa tana lalata masa jini.

Susa kan ɗauki mako biyu ko fiye kafin ta lafa bayan ƙwaron ya mutu, gashi kuma sai wata ɗaya zuwa biyu, saboda haka kada a ƙara awo don gaggawa. Idan wata ya cika ba canji, a kai shi a kankari fatar a duba a madubin likita, wataƙila borin jini ne, wanda maganinsa daban. Mutanen Gadarif da ƙauyukan da ke cikin dajin talha da aduwa su ƙara lura da abu ɗaya: yankin kala'azar ne, cutar zazzaɓin nan mai kumbura saifa, kuma masu bincike sun taɓa samun ƙwayar cutar a jikin karnukan wasu ƙauyukan can. Karen da ke ramewa alhali yana ci, gashin zagayen idonsa ya zube, farcensa ya yi zaƙo-zaƙo, fatarsa na ɓarewa ba tare da susa sosai ba, gwajin jini yake buƙata. Wanda kuma halinsa ya sauya farat ɗaya, yana cizon abin da ya samu ko ya kasa haɗiyar miyau, wataƙila ciwon haukan kare ne, kada kowa ya kama shi da sunan wanka. A killace shi, a kira ma'aikatan lafiyar dabbobi, wanda ya ciza kuma a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 a wuce da shi asibiti a ranar.